Baffa Isa da Kifin Amarya

Duk wanda ya taɓa shiga tasin Baffa Isa, Allah ya jiƙansa, ya san dokarsa: ba a wuce ruwa ba a gaishe shi ba. Kogi ne, tafki ne, ko ɗan kududdufin bayan shagon masu taya, sai ya rage gudu, ya sauke gilashi, ya ce, "Salamu alaikum, mutanen ƙasa." Ya yi shiru kamar mai jiran a amsa masa. Sannan ya gyaɗa kai ya yanke hukunci: "Da kifi a nan." Ko kuwa ya taɓe baki ya ce, "Wannan ruwan maraya ne, ba kowa a ciki." Fasinja yana baya yana duba agogo, jirginsa zai tashi, Baffa yana gaba yana gaisawa da ruwa.

Na san ku da kuka san shi kun riga kun fara dariya. To ku dai labari kuka ji, ni ce na sha kunyar. Rannan muna cikin Metro, jirgin ƙasan cikin birni, ya hau gadar kogin Potomac, sai na ga Baffa ya miƙe tsaye, ya dafa ƙirji, ya yi wa kogi sallama da ƙarfi kamar mai shiga zauren surukai. Turawa suka ɗago daga jaridunsu. Na ja masa riga.

"Baffa, don Allah zauna, ana kallonmu!"

"To su ma su gaisa mana, Wutar-Kara, wa ya hana su? Kullum suna wucewa ta kansa ba ko sannu."

Wutar-Kara sunan da ya raɗa mini ke nan, wai don ba na iya jiran komai. Sunana Zulai. Shi ƙanin mahaifina ne, mutanen Yawuri ne mu, gidan masunta tun kaka da kakanni. Da mahaifina ya rasu, shi ya ɗauko ni ya kawo ni garin Gaithersburg a Amurka, ya riƙe ni shi da matarsa Inna Rabi. A bayan gidajen hayarmu akwai wani tafki da aka haƙa don tara ruwan sama, agwagi na yawo a kai, tsofaffi na zagaya shi da karnukansu. Kowa tafki yake gani. Baffa gonarsa ya gani.

Labarin farko ban zo ba aka yi shi, amma Inna ta ba ni shi har na haddace. Da za su taso daga gida, Baffa ya fitar da tukwanenta daga akwati ya cusa birginsa, ragar nan da ake jefawa ta buɗe kamar lema. Asabar ɗinsu ta farko a unguwar, ya naɗe wando, ya shiga tafki har gwiwa, ya jefa. Kafin rana ta ɗaga ya cika bokiti. Maƙwabta suka fito tagogi suna leƙe. Shi a zatonsa burge su ya yi, har yana ɗaga musu hannu yana cewa su kawo kwanuka a ɗiba musu, haƙƙin maƙwabtaka. Sai ga mota ta tsaya, wani jami'i mai kakin masu tsaron daji ya fito, ya dubi bokiti, ya dubi raga, ya tambaye shi wa ya ba shi izini.

Baffa ya ce, "Ai na yi sallama."

Inna ta ce a nan ne ta saki labule ta koma ɗaki ta fara salati. Allah ya taimaka jami'in mai haƙuri ne. Ya yi masa bayani: a nan ba a jefa raga, sai fatsa, sai ka yanki lasisi, kuma kowane kifi da girmansa da lokacinsa. Ya ce ya mayar da su. Baffa ya tsuguna yana sakin su ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya ba shi haƙuri: "Ku gafarce ni, an ce ba haka ake yi a garinku ba." Daga ranar bai ƙara karya doka ba, lasisinsa kullum yana aljihun gaba. Cewa yake baƙo ba ya gardama da dokar gari. Amma fa bakinsa bai yanki lasisi ba. Birgin kuwa ya rataye shi a bangon falo inda mutane ke rataye hoton aurensu.

A bakin tafkin ya haɗu da Mista Bil, wani tsohon Bature da ya yi ritaya daga aikin raba wasiƙu. Ranar da Baffa ya fara ganinsa ya kamo kifi, ya dawo gida ya kasa cin tuwo.

"Rabi, yau na ga abin da ya fi ƙarfina."

"Me kuma ya faru?"

"Mutum Allah ya ba shi miya a hannu. Ya ɗaga ta, ya ɗauke ta hoto, ya sumbace ta a baki, ya mayar ruwa! Ya kuma zauna yana jiran wata!"

Daga nan ya raɗa wa abin suna kama-saki, ya ce aikin wanda bai taɓa kwana da yunwa ba ne. Shekara da shekaru yana yi wa Mista Bil tsiya da wannan, shi kuma yana dariya yana miƙa masa kofi. Sun zama aminai, ɗaya Turancinsa na tasi, ɗaya ba ya jin ko zo in kashe ka da Hausa, amma sai su wuni tare. Kifin tafkin, wanda Turawa ke cewa bas, mai kore-koren jiki da baki kamar an buɗe jaka, Baffa bai taɓa yarda wani sabon abu ba ne. Cewa yake giwan ruwa ne da aka yaye da wuri.

Sai maganar tana. An gaya masa ana sayar da tana a shago, ya riƙe baki. "A sayi tana? Gobe kuma sai a ce in sayi ƙasar da ta fito!" Kafin sanyi ya kama sai ya haƙo abarsa a bayan gida, ya zuba a robar man shanu, ya ajiye can ƙuryar firij bayan kayan miya, ba wanda ya sani. Wani azumi wata Hajiya ƙawar Inna ta zo daga Fort Washington taya mu aikin buɗa-baki. Ta buɗe firij, ta ɗauko roba, ta ɗaga murfi za ta saka cokali. Wallahi ihun da ta yi har yau yana kunnena! Baffa ya fito a guje daga ɗaki, muka ɗauka Hajiya zai taimaka. Ina! Robar ya nufa.

"Hajiya rufe, rufe don Allah, za su ji zafi!"

Bayan baƙuwa ta tafi Inna ta tsaya a bakin kicin ta riƙe ƙugu. "Malam, yau za a yi ta ta ƙare. Ko ni ko su."

Baffa ya dubi robar, ya dubi Inna. Ya sake duban robar.

"Tunani ma kake yi?!"

"Haba Rabi, inda za su koma nake tunani."

Daga nan ya koma tanar roba irin ta Turawa, ita ma ba saya yake ba. Waɗanda mutane suka yar ko suka maƙale a rassan bakin ruwa yake tsinta, ya liƙe masu yagewa da ashana, sannan ya mulke su da daddawa, wai don kifi ya ji ƙamshin miya ya san ba wasa aka zo yi ba. But ɗin tasinsa kuwa ba a magana. Wani fasinja ya taɓa tambayarsa ko wani abu ne ya mutu a motar. Baffa ya ce masa a'a, turaren ƙasarmu ne.

Amma abin da ya fi komai ba mu mamaki shi ne lokacin da yake so. Kowa yana fatsa da zafi, sa'ad da ciyawa ta yi kore. Baffa sai ƙarshen sanyi, cikin Fabrairu, ƙanƙara ta fara narkewa, bishiyoyi tsirara, iska kamar reza. Lokacin da kifi ke kwance can ƙasa ko motsi ba ya so. Sai ya zura rigar sanyi, ya ɗora babbar riga a sama, ya naɗa rawani, ya tafi ya zauna a kan bokiti.

"Kifin zafi yaro ne," in ji shi. "Ko takalmi ka jefa masa sai ya cafke. Kifin sanyi dattijo ne. Ba a yi wa dattijo gaggawa. Gaishe shi ake yi, a sunkuya, a jira ya amsa."

Kuma a cikin dattawan tafkin akwai wata da ya sa wa suna Magajiya. Ya sha ganin inuwarta kusa da duwatsun da ke gefen da rana ke bugawa, ta taɓa tsinke masa zare, ta taɓa miƙar masa da ƙugiya. In ya dawo hannu rabbana sai ya ce, "Mun gaisa da Magajiya, tana gaishe ku." Inna ta ce, "Muna amsawa. A ci tuwo da miyar gaisuwa."

To yanzu ga inda zance ya shafe ni.

A gidanmu na Yawuri akwai al'ada: ba a kai yarinya ɗakin miji sai ta ci kifin da waliyyinta ya kama da hannunsa. Ba na kasuwa ba, ba wanda wani ya kamo ba. Haka aka yi wa gwaggonninmu, haka mahaifina ya yi wa yayata kafin ya rasu. Da Mustafa ya fito neman aurena, ɗan Maraɗi ne, yana aikin na'urori a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington, aka sa rana farkon Maris saboda lokacin ne mahaifiyarsa za ta samu zuwa. Ana gama sa rana Baffa ya dubi birginsa na bango ya ce, "Magajiya ce kifin amarya. Ɗiyar Yaya ba za ta ci ɗan tsito ba."

Matsala biyu. Ta farko, a doka da zarar Maris ya kama ba a ɗaukar bas daga tafki a kai gida sai zafi ya shigo, don lokacin haihuwarsu ne. Ke nan sai dai a kama kafin Fabrairu ya ƙare a yi banda a ajiye. Ta biyu, ba a daɗe da yi wa Baffa aiki a zuciya ba, kuma likita ya ce kada ya kuskura ya zauna cikin sanyi. Inna ta tattara sandunan fatsarsa kaf ta kai ajiya inda ta tabbata ba zai samu ba. Kun san inda ta kai? Gidan Mista Bil! Washegari muka hango su biyu a bakin ruwa, kowa da sandarsa.

Da aka rasa yadda za a yi da shi, aka yi sulhu: zai je, amma sai bayan azahar in rana ta fito, kuma sai da ni, in riƙe masa fulas ɗin shayi da maganinsa. Ni! Ni da ko layin banki ba na iya tsayawa. Amarya guda, ga ɗinki, ga lalle, ga aiki a kantin magani, ina tashi daga aiki sai bakin tafki in zauna a kan dutse ina kaɗa haƙora.

Ku da ba ku taɓa ganin fatsar sanyi ba, bari in gaya muku yadda take: ba komai. Ba abin da ke faruwa. Baffa zai jefa tanarsa kusa da duwatsu, wai sun sha rana sun ɗan ɗumama ruwan, kifi na raɓarsu kamar tsofaffi a bakin murhu. Ya bari ta nutse har ƙasa. Ya zauna. Ya ja ta ɗan taƙi ɗaya. Ya zauna. Yatsarsa a kan zare, idonsa a lumshe. Na taɓa zaton wani abu ya same shi na girgiza shi, ya buɗe ido ya ce, "Kin katse mana hira."

Rannan ya miƙo mini sandar ya ce in gwada. Na jefa, na fara naɗe zare. Ya zuba mini ido.

"Wutar-Kara, tanar nan Metro za ta kama ne?"

"Baffa, ai sai ta motsa kifi zai gan ta!"

"Ya gan ta tun tuni. Shawara yake yi. Ki ja kaɗan, ki karanta Fatiha a zuci, ba irin Fatiharki ta mai shirin makara ba, sannan ki ƙara ja."

Na yi sau biyu na miƙa masa kayarsa.

Kwanaki suna tafiya, ba ko ɗaya. Mustafa ya zo rannan da takalminsa mai sheƙi, ya durƙusa ya gaishe da Baffa, ya ce shi ma ya taɓa kama kafiten, wato giwan ruwa, a Yamai, a ba shi sanda ya taimaka. Baffa ya ce, "Ango ba ya kama kifin amaryarsa. Amma zauna, a ga haƙurinka, za ka buƙace shi." Ya nuna ni da haɓa. Mustafa ya yi dariya, na harare shi, ya haɗiye abarsa.

Da na ga wata ya kusa ƙarewa, ga tarin Baffa yana ƙaruwa, leɓɓansa har wani duhu suke yi, sai na fito masa a mutum.

"Baffa, ga shagon 'yan Koriya can cike da karfasa, har da mai rai a ruwa. In saya in kawo, ka sa hannu ka ciro, shi ke nan ka kama da hannunka. Wa zai sani?"

Bai ko dube ni ba. "Kifin zai sani."

"Kifin da za a soya?"

"Ni zan sani. Kuma in na iske Yaya ya tambaye ni, Isa, ka yi wa Zulai abin da na yi wa yayarta? In ce masa mi? In ce na je wurin 'yan Koriya?"

Na zuba masa shayi.

Ranar ƙarshe ta Fabrairu rana ta fito sosai, iska ta kwanta. Mista Bil ma ya ajiye sandarsa ya zo ya zauna kusa da mu, don ya san me ake ciki. Baffa ya yi sallamarsa, ya jefa, ya zauna. Ni na riga na cire rai, ina tunanin telan da bai gama mini riga ba. Can la'asar sakaliya sai na ga zaren ya ɗan yi wani motsi, kaɗan, kamar ƙuda ya sauka a kai. Wallahi da ni ce da na ce iska ce. Baffa ya raɗa, "Ta amsa."

Bai fizga ba. Ya jira, ya jira, har na ji kamar in ƙwace sandar. Sannan ya ɗaga hannu sau ɗaya, sanda ta lanƙwashe kamar baka.

Jama'a! Ni da na wuni ina tsaki, ni ce na fi kowa ihu. "Ja, Baffa, ja!" Shi kuwa a hankali yake bi da ita, in ta ja ya sassauta, in ta tsaya ya naɗe, yana yi mata magana: "Sannu Hajiya. Taho, ba faɗa muka zo ba." Da ta iso bakin gaɓa ya ce in shiga in kama leɓenta na ƙasa. Na faɗa ruwan nan da takalmin aikina, sanyi ya soke ni har ƙwaƙwalwa, na sa hannu a bakin da zai iya haɗiye dunƙulena, na ɗago ta. Nauyi kamar jariri. Mista Bil yana ta tsalle kamar yaro. Na ce, "Alhamdulillahi, an gama! A tafi gida!"

Baffa ya karɓe ta, ya cire ƙugiya. Ya juya ta. Ya shafa cikinta da ya yi tulu, ya ƙara shafawa. Sai na ga fuskarsa ta sauya.

"Ƙwai ne," ya ce. "Cike take."

"To sai me? Ƙwan kifi ma ai daɗi ne da shi."

"Babanmu bai taɓa ɗaukar mai ƙwai ba, ko da yunwa za a kwana. Balle na aure. In kai ki gidan da muke roƙa miki zuri'a, in fara da yanke ta wani?"

"Baffa, yau ce ranar ƙarshe! Doka ma ta yarda!"

"Dokarsu ta yarda. Tamu ba ta yarda ba."

Ina tsaye a jiƙe ina rawar ɗari, ina kallo ya durƙusa ya sa ta a ruwa, yana riƙe da ita yana ɗan kaɗa ta har ta farfaɗo. Mista Bil ya yi maza ya ɗauki hoto, ya nuna masa da hannu wai ya sumbace ta. Baffa ya ce, "Gaya masa ni da matata." Ya buɗe hannu. Magajiya ta kaɗa jela sau ɗaya, ba ko waiwaye.

Haushi ya hana ni kuka. Na ce, "Baffa, kama-saki aikin wa ka ce?"

Ya share hannu da babbar rigarsa. "Nasu wasa ne. Nawa shari'a ce."

A hanyar gida ban yi masa magana ba. Da Inna ta ji labari ta ajiye ludayi ta ce, "Shekara nawa kana bin ta, da ta zo hannu ka ba ta sallama? To an gama. Ba tafki, ba fatsa, in na ƙara ganinka a bakin ruwan nan likita zan kira." Ta je ta sayo karfasa ta cika firiza. Baffa ya ce to. Mu da mun san shi ya kamata mu ji tsoron wannan to ɗin.

Ranar ɗaurin aure gida ya cika da mata, ana yi mini kwalliya, sai wayata ta yi ƙara. Mustafa ne daga masallaci. Liman ya zauna, mutane sun zo daga Virginia, daga Baltimore, an kawo goro da alewa, ba waliyyi. Tun safe Baffa ya fita da sabuwar shaddarsa ya ce zai riga kowa. Inna ta leƙa bayan ƙofa inda bokitinsa ke zama. Wayam. Ta ce, "Innalillahi! Mutumin nan zai kashe ni kafin zuciyar ta kashe shi!"

Sauran labarin da yawanku kuna wurin. An ce har liman ya fara tambaya ko akwai wanda zai wakilce shi, sai ga tasi ta tsaya a karkace. Baffa ya shigo, shaddar nan ta sha taɓo har gwiwa, malum-malum na ɗigar ruwa, ƙamshin daddawa ya riga shi isa sahun gaba, a hannunsa leda. Ya ɗaga ta sama ya ce, "Liman, a ɗaura! Kifi ya samu!"

Ashe tun hantsi yana can bakin tafki shi da Mista Bil. Bas ya haramta, amma akwai wasu ƙanana masu kama da karfasa da doka ba ta hana ba a kowane lokaci. Su ma sanyi ya hana su ci. Ya zauna yana gaishe su har ɗaya ya ji tausayinsa.

Da aka shafa Fatiha ya zo gida kai tsaye, ya ratsa mata, ya miƙa wa Inna ledar. Ta buɗe, ta duba, ta sake dubawa.

"Malam, wannan kifi ne ko tsarabar kifi?"

Tafin hannuna ya fi shi faɗi. Gida ya kwashe da dariya, har uwar ango tana share hawaye. Inna tana mita tana fere shi, ta soya shi shi kaɗai a babban kaskon biki, yana yawo a mai kamar maraya. Aka ɗora a faranti aka kawo mini, ina zaune cikin leshi da gwaggwaro. Baffa ya tsuguna a gabana, mutumin da likita ya hana tsuguno, ya ɓare shi da yatsunsa da sanyi ya tsattsaga, ya zare ƙaya ɗaya bayan ɗaya, ya miƙo mini.

"Na so in kawo miki Magajiya, ɗiyata. Ga abin da Allah ya ba ni." Ya matso mini da farantin. "Kin san ma'anarsa? Hannun da ya ciyar da ke yana nan. Ko kin tafi, yana nan. Haka Yaya zai ce miki."

Loma biyu ne duka kifin. Ban taɓa cin abin da ya daɗe a maƙogwarona kamarsa ba. Mai kwalliya sai da ta sake aikinta daga farko, tana yi tana tsaki.

Bayan nan ya yi shekaru yana zuwa tafkinsa, likita ya gaji ya ƙyale shi. Bai ƙara neman Magajiya ba, in ya kamo ƙaramin bas sai ya duba fuskarsa ya ce, "Wannan jikanta ne, ga bakin nan," ya mayar. Hoton da Mista Bil ya ɗauka yana falo kusa da birgi: Baffa da kifinsa, ni a gefe a jiƙe, na haɗe rai kamar an yi mini mutuwa.

A ƙarshen sanyin bara ya tafi, da rana tsaka, a kan kujerarsa, ba hayaniya, kamar mai jiran a amsa masa sallama.

Kwanan baya na kai 'yata tafkin. Yarinyar da in ka yi mata Hausa sai ta mayar maka da Turanci. Mista Bil yana nan a kan bokitin Baffa, ya tsufa ƙwarai, kuma tun daga nesa na ji warin daddawa, Inna ce ke ba shi. Muna isa bakin ruwa yarinyar nan ta saki hannuna, ta dafa ƙirji, ta ce da karyayyiyar Hausarta, "Salamu alaikum, mutanen ƙasa." Ta tsaya tana jira. Na buɗe baki zan ce ta yi sauri ana sanyi, sai na rufe. Muka jira tare.

Malamai sun ce akwai tafkin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai shayar da al'ummarsa ranar da ƙishirwa ta kai ƙishirwa. Allah ya yafe mini, ba na iya tuna shi ban hango Baffa a bakinsa ba, ya dafa ƙirji, ya yi sallama, ya saurara.

Ya Allah, ka amsa masa. Ka shayar da shi daga wannan ruwa, shi da yayansa mahaifina. Ya tausaya wa abin da ke hannunsa alhali yana da iko a kansa, kai ma ka tausaya masa yanzu da yake hannunka. Ka ɗumama masa makwancinsa, Ya Rabbi, ya sha sanyi saboda ni. Amin.